Allon rubutu mai ƙyalli da ƙwan UV: 365 zan saya ko 395?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so in haɗa allon saƙo mai ƙyalli a ɗakin yara, a riƙa rubutu a kai da maka (alƙalamin rubutu a allo), kuma ya zama fitilar dare. Ina da gilashin roba na Perspex mai kaurin milimita 3, tsawo santimita 30, faɗi 20. Wutar daga batirin sola mai 12V za ta fito. Mai shago yana da ɗamarar LED (dogon tsiri mai ƙananan ƙwayayen fitila) ta UV, wato hasken da ke sa tawada ƙyalli, iri biyu, 395nm da 365nm (tsawon zangon hasken ke nan), ya ce 365 ce ta ainihi kuma kuɗinta ya kusa ninka na ɗayar uku. Wacce zan ɗauka? Sannan babu illa yara su kwana da ita a kunne har asuba?

Dan Caja:
Wa alaikumus salam. Sayi ƙwai shida masu milimita 5, kowanne ka sa masa rezista ɗinsa (mai rage wutar da ke shiga ƙwan) mai ohm 100, ka jona a tsohuwar cajar waya mai 5V. Ƙwan UV yana shan kusan 3.3V, saura 1.7V ya faɗa kan rezista, wato 17mA. Doguwar ƙafa ita ce fozitif. Kada ka haɗa su shida a kan rezista ɗaya, guda zai fi saura jan wuta ya mutu, sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya Sola:
Malam Dan Caja, mutumin 12V ya ce, kuma ƙwai mai milimita 5 ta ina zai shiga gefen gilashi mai milimita 3?

Abban Hanifa, ɗauki 395. Wannan allon daga gefe ake haska shi: hasken yana shiga ta bakin gilashin, yana ta kai da komo tsakanin fuskokinsa biyu, ba ya fita sai inda tawada ta taɓa. To Perspex na kasuwa yana shanye mafi yawan 365nm, kafin hasken ya yi nisa a cikin allon ya ƙare. Za ka ga rubutun ƙasa yana ɗan haske, na sama ba komai. 395 zuwa 405 kuwa yana ratsawa. Ka biya kuɗi uku ka samu allo mai duhu, ina ribar?

Ka nemi ɗamara mai ƙananan ƙwai, 3528 ko 2835 (lambobin girman ƙwan ne), mai ƙwai 60 a mita. Faɗin ƙwan ya yi daidai da bakin gilashinka. Mai 5050 ta yi faɗi, rabin hasken zai zube waje ya shiga idon yara. Ana yanka ta duk bayan ƙwai uku, santimita 5 ke nan, a kan layin tagulla kaɗai. Santimita 30 ƙwai 18 ne. Idan 3528 ce, kusan 120mA za ta ja, awa goma 1.2Ah, batirinka ba zai ma san ana yi ba.

Abu ɗaya da ke kashe ɗamara a gidajen sola: batirin 12V idan yana caji yakan kai 14.4V. Rezistocin jikin ɗamarar na 12V aka lissafa, a 14.4V wutar da ke bi ta ƙwan takan kusa ninkawa. Sa diyod 1N4007 guda biyu a jere a kan jar waya, su rage kusan 1.4V, ko ka sa LM2596, ƙaramar na'urar rage ƙarfin wuta, ka saita shi a 10.5V. Fiyus mai 1A kusa da batir, wannan ba a tattauna shi.

Hajiya Mai Kek:
Ni fentin nan mai haske cikin duhu na sani. A shafa a katako sau uku a kan farin fenti, a rubuta da ƙaramar tocilan UV, rubutun ya fito kore. Babu maka, babu gogewa.

Malam Fiziks:
Hajiya, wannan wani abu ne daban. Naki yana adana haske ya riƙa sakinsa a hankali bayan an kashe fitila. Mai kyan shi ne na sinadarin strontium aluminate, kore ya fi kowane launi ƙarfi. Na zinc sulfide mai araha cikin 'yan mintuna yake dusashewa. Ko mai kyan ma, rubutun tocila ba ya kai safe a yadda za a karanta. Na Abban Hanifa tawadar tana ƙyalli ne muddin fitila na kunne, a kashe ta ɗauke nan take. Idan saƙon "a sha magani ƙarfe shida" ne, na gilashi ya dace. Idan wasan yara ne, naki ya fi.

Baba Mai Rediyo:
Duk wannan lissafin naku sai idan ƙwan UV ɗin aka ba ku. Kayan da ke yawo yanzu abin takaici ne. Fakitin ƙwai ɗari an buga UV a leda, ka jona, shuɗi ne zalla irin na 460nm. Wani kuma shunayya ne na ado, ido ya ga launi amma ko farar riga ba ya tayarwa. Waɗanda suka zama na gaske a ciki, ka bar su a kunne mako biyu zuwa uku, robar kansu ta koma ruwan ɗorawa, hasken ya ragu, saboda UV ɗin da kansa ke cin robar. Ka koma wurin mai kaya ya ce kai ka ƙona su da dalma. Wanda ya yi shekara da shekaru da ƙarfen dalma a hannu, yaron da bai san ƙafar fozitif ba zai ce masa ya ƙona ƙwai! Kuma ba a karɓar abin da aka yanka. Ɗamara ma haka, za ka ga rukuni uku-uku suna mutuwa, domin ƙwai ɗaya ya tsinke ya kashe 'yan'uwansa biyu.

Kada wanda ya biya kafin a jona a gabansa. Kuma kada ka gwada da makar hailaita mai ruwan ɗorawa, ko shuɗin ƙwai yana sa ta ƙyalli, ta nan ake yaudarar mutane. Ka je da farar takardar fotokwafi ko farin yadi da aka wanke da omo. UV na gaske zai sa su fitar da farin shuɗi mai ƙarfi a cikin inuwa.

Dan Caja:
Allah ya huci zuciyarka Baba. Nawa ake ba ka fakitin?

Baba Mai Rediyo:
Dubu shida na ɗari. Ɗamara mai mita biyar an ce dubu goma sha huɗu.

Sani Alminiyam:
Kai Baba an ɗora maka. Dubu takwas da ɗari biyar ake ba da nadin mita biyar a Sabon Gari.

Injiniya Sola:
Na dubu takwas ɗin mai ƙwai 30 a mita ne, ƙirga ka gani. Kuma shi mita biyar me zai yi da ita? Ya sa a yankar masa rabin mita, bai kamata ta wuce dubu biyu ba.

Hajiya Mai Kek:
A Kaduna rabin mita dubu uku da rabi, kuma sai ka roƙa kafin su yarda su yanka.

Sani Alminiyam:
Bari in yi maganar gilashin, tunda duk kun tsallake ta. Yanka shi da wuƙar yankan roba: ja layi da rula ta ƙarfe sau goma ko fiye, ɗora a bakin tebur ka karya. Kada ka cire ledar da ke jikinsa sai an gama komai. Bakin da ɗamara za ta zauna ka goge shi da samfefa mai lamba 400, sai 800, sai 1200, da ruwa, ka ƙarasa da man goge baki a tsumma har ya yi garau. Sauran gefuna uku ka liƙa musu salatif ɗin alminiyam domin hasken ya komo ciki. Gindi kuwa, guntun alminiyam mai siffar U irin na taga ya wadatar: ɗamara a ƙasa tana kallon sama, gilashi a kanta, ka cike giɓin da baƙar roba ta yadda ba a ganin ƙwan ta kowane gefe. Alminiyam ɗin yana kuma janye zafi.

Baƙin kwali a baya yana fito da rubutu sosai, amma kada ka manna shi da gilashin, kada kuma ka yi wa gilashin baƙin fenti. Duk abin da ya liƙe a fuskarsa zai shanye hasken. Bar tazarar milimita biyu ko uku. Sufa gulu yana barin farin hazo a jikinsa, gam ɗin kyandir a gindi ya isa. Gogewa da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi kawai. Sifirit ko tina suna sa shi tsattsagewa, kuma duk ƙarzuwa sai ta fito da haske tamkar rubutu. Lokacin hunturu kada ka share ƙura a bushe.

Maka kuma ta ruwan alli mai launin niyon, kore da ruwan ɗorawa da ruwan lemo sun fi tashi. Makar farin allo baƙa ko shuɗiya ba ta yin komai.

Gwanin Unguwa:
Ni dai abin da na sani, kunama tana ƙyalli kore a ƙarƙashin UV. Abban Hanifa, ka sa wa allon doguwar waya, da bazara ka riƙa zagaya tsakar gida da shi kafin a shimfiɗa tabarma. Saƙon ma a rubuta "an ga ɗaya" 😂

Malam Fiziks:
Wasa yake yi amma gaskiya ne, ɓawon jikinta ne ke ƙyalli. Kuma ya tuno min da ƙwari. UV yana kiran malam-buɗe-littafin dare da shinge bayan ruwan farko. Sauro bai cika damuwa da shi ba, numfashi da warin jiki yake bi, don haka kada wani ya ce fitilar maganin sauro ce. Idan tagar ɗakin babu raga, da damina za a kwana da baƙi.

A kan tambayar kwana: 395 UVA ne, ba irin UVC mai 254nm na kashe ƙwayoyin cuta ba, wanda ke ƙona ido da fata. Wancan ko kyauta aka ba ka kada ya shiga ɗakin. Amma UVA ma ba a zuba masa ido. Matsalarsa ido yana ganinsa dishi-dishi, ƙwayar ido ba ta tsukewa, alhali ƙarfin na nan. Idon yaro kuma ya fi na babba barin UV ya wuce ciki. Sannan hasken shuɗi da dare yana hana barci zuwa da wuri. Shawarata, makunni biyu: allon a kunna shi kafin barci a kashe, fitilar dare kuma ƙwai uku masu launin ja ko ruwan lemo a jere. Kowanne kusan 2V, da rezista mai ohm 680 a 12V, kusan 9mA, ya isa a ga hanyar ƙofa.

Injiniya Sola:
Malam, ka tsorata mutum. Idan an rufe ƙwan cikin alminiyam, abin da ke fitowa hasken tawadar ne, kore. A sauke LM2596 zuwa 9.5V ya yi laushi, a kafe shi sama da inda hannun yaro ke kaiwa, shi ke nan.

Malam Fiziks:
Wani kaso na shunayyar yana fita ta fuskar gilashin, riƙe farar takarda a gabansa ka gani.

Injiniya Sola:
Karatun aji daban, aikin hannu daban. Wanda ya haɗa ya rataya shi ya kamata a saurara.

Malam Fiziks:
Rataya allo ba ya sa mutum ya zama likitan ido, ranka ya daɗe.

Dan Caja:
A yi haƙuri manya. Idan ana so ta kunna kanta da duhu: tiransista 2N7000 ɗaya a matsayin makunni, rezista 100k daga fozitif zuwa ƙafar get, LDR (rezista mai jin haske) daga get zuwa negatif. 2N7000 ɗin yana ɗaukar har 200mA, ya ishi ɗamarar. Amma LDR ya kalli taga, idan ya ga hasken allon zai riƙa kunnawa yana kashewa ba tsayawa. Kuma kada a gwada da fawabank, da yawansu suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan. Batirin caji na 18650 da allon cajinsa TP4056 mai kariya ya fi, amma shi kaɗai ba zai kunna ɗamarar 12V ba.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai. To in na fahimta 395 ce. Amma diyod biyun zan sa ko LM2596? Kuma jan ƙwan a kan waya ɗaya da allon?

Baba Mai Rediyo:
Dan Caja, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. 18650 wane iri? Wanda aka rubuta 9900mAh a jiki? Babu 18650 mai wannan ƙarfin, na kamfanonin kirki iyakarsu wajen 3500. Na gaske nauyinsa giram 45 ko kusa, ka ɗora na kasuwa a sikeli ka ga giram 25 ko 30. Wani ma idan aka fasa, ƙaramin batir ne a ciki aka cike sauran da gari.

Hajiya Mai Kek:
Shi ya sa fankar caji ba ta kai awa ɗaya yanzu. Sikelin kek ɗina zai iya auna shi?

Sani Alminiyam:
Zai iya Hajiya, in mai nuna giram ne. Gara na tsohon batirin laftof, a fasa a auna kowanne da mita, wanda ya yi ƙasa da 2.5V a ajiye shi gefe. Dubu ɗaya da ɗari biyar ake sayar da ɗaya.

Dan Caja:
Ɗari takwas a Farm Centre.

Baba Mai Rediyo:
Na ɗari takwas ka caja shi ya cika 4.2V, ka ajiye mako guda ka sake aunawa, sannan ka dawo mu yi maganar farashi.