Neman kalma: yaya za a ce "merger" a labarin kamfanonin giya?

Mai fassara, Kaduna:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa. Ina fassara rahoton tattalin arziki da za a karanta a rediyo gobe da safe, kuma dole in miƙa shi kafin sallar isha'i. Rahoton ya waiwayi cinikin da aka kammala a watan Oktoban 2016, lokacin da kamfanin AB InBev mai hedikwata a Beljiyam ya mallaki SABMiller a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 100, sannan ya duba abin da irin wannan ciniki yake jawo wa masu shan giya ta fuskar farashi da zaɓi. Kalmar "merger" ta cika rahoton. Na rubuta "haɗewa" na soke har sau uku, domin a kunnena tana nuna tsara biyu sun gama kai da yardar juna, alhali a nan babba ne ya zuba kuɗi ya ɗauke na biye da shi.

Tsohon ɗan jarida:
Wa alaikumus salam. Ka ce "maja" ka huta, ɗana. Tun 2013 da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka zama APC, babu ƙauyen da kalmar ba ta shiga ba.

Malamar Hausa, Zariya:
Baba, a gafarce ni, amma "maja" ta riga ta zama kalmar siyasa, kuma duk wanda ya ji ta da sassafe zai ɗauka labarin zaɓe ne. Haka ma "haɗaka", wadda ta fi dacewa da taron da kowa yake riƙe da sunansa. Shawarata a raba abu uku da rahotanni kan cakuɗa. Abin da Interbrew na Beljiyam da AmBev na Brazil suka yi a 2004 har aka sami InBev, haɗewa ce. Abin da InBev ya yi wa Anheuser-Busch na Amurka a 2008 a kan dala biliyan 52, har aka sami AB InBev, saye ne. Shi kuwa MillerCoors, wanda SABMiller da Molson Coors suka kafa a shekarar don gudanar da kasuwancinsu na Amurka tare, haɗin gwiwa ne, tun da iyayen kamfanonin biyu sun ci gaba da zamansu.

Mai nazarin harshe, Kano:
Malama ta yi ƙoƙari, sai dai "haɗewa" kalma ce da ta gaji, ana ɗora mata hanya da hanya, da kogi da kogi, da gira da gira. Na daɗe ina ba da shawarar "curayya", daga "cura", kamar yadda mai fura take cura gari ya zama dunƙule guda, a kan awon "tarayya" da "gamayya". Idan aka cura, ba a sake rabewa, kuma ma'anar da ake nema ke nan. Ita kuwa "maja", da girmamawa ga Baba, ba Hausa ba ce, lalaci ne aka yi wa rawani.

Tsohon ɗan jarida:
Malam, "kamfani" da "banki" da "rediyo" duk aro ne, kuma da su kake rubutu. Mun fassara labarin bankuna a 2005, lokacin da Babban Banki ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jari zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, ba mu jira wani kwamiti ba, jama'a kuma suka fahimta.

Mai nazarin harshe, Kano:
To ai matsalar ke nan, ranka ya daɗe. Gidajen rediyo suna sakin kalma cikin gaggawa, ta bi gari, sannan a bar malamai da gyaran abin da ba ya gyaruwa. Harshen da miliyoyin mutane suke magana da shi bai kamata ya riƙa bara a ƙofar Ingilishi ba.

Ɗan uwa daga Maraɗi:
A tuna da mu ma ana saurarenku a nan. "Maja" ba ta da tushe a kunnen wanda ya yi karatu da Faransanci, domin kalmar da muka sani, "fusion", tana nufin narkewa ne. Amma "curayya" ma, Malam, sai an yi mini bayani kafin na gane.

Dillalin kayan sha, Jos:
Ni ba malami ba ne, amma shekaruna da yawa ina sauke kiret, don haka bari in faɗi abin da ido yake gani. Buɗe firij a kowace mashaya za ka tarar da Star da Gulder da Goldberg da Life da 33 Export a jere, kowace da launin takardarta, mai sha yana zaton kamfanoni biyar ne suke gasar kuɗinsa. Duk na Nigerian Breweries ne, ita 33 ta shigo ne bayan haɗewarsa da Consolidated Breweries a ƙarshen 2014, su biyun kuma dama Heineken ne yake da rinjaye a cikinsu. Trophy ta Ilesha da Hero ta Onitsha ma gida ɗaya suke tun 2017, ƙarƙashin International Breweries, wanda AB InBev ya gada daga SABMiller. Kwalba ba ta sauya ba, mai ita ne ya sauya. Da dillali yana iya cewa idan wannan ya tsawwala zan koma wancan, yanzu kuwa takardar ƙarin farashi guda ɗaya takan shafi rabin firij. Kuma kada a ɗauka abin ya tsaya ga masu shan giya, domin Maltina da Amstel Malta da ake rabawa a biki da suna daga gidan Nigerian Breweries suke fitowa. Mu a kasuwa cewa muke yi babba ya haɗiye ƙarami. Duk kalmar da za ku zaɓa, ta sa mai sauraro ya gane cewa masu kayan sun ragu.

Malamar Hausa, Zariya:
Wannan bayani ya fi duk abin da muka faɗa amfani. Ku lura kuma da kusancin "haɗe" da "haɗiye" a baki, wanda zai taimaki mai karanta labari. Sai dai "haɗiye" tana ɗauke da hukunci, saboda haka ba za ta zama sunan abin a kanun labari ba, amma tana da gurbi a cikin bayani.

Mai fassara, Kaduna:
Maganar Yaya na Jos ta yi daidai da abin da ke cikin rahoton. Masana da suka bi farashi a shagunan Amurka bayan kafa MillerCoors sun ga ya tashi, har da na abokin hamayyarsu Anheuser-Busch. Shi ya sa a 2016 hukumomi suka gindaya sharuɗɗa: Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sa aka sayar wa Molson Coors kason SABMiller na MillerCoors, giyoyin Peroni da Grolsch da Pilsner Urquell suka koma hannun Asahi na Japan, kasonsa na giyar Snow ta China kuma ya koma ga kamfanin China Resources. Ina kuma buƙatar kalmar abin da hukumomin suke gudu, ina tsakanin "babakere" da "kaka-gida".

Mai nazarin harshe, Kano:
"Babakere", babu shakka, domin "kaka-gida" zama daram ne kawai, ba lallai a hana wani shiga ba. Amma har yanzu ba a ba ni hujjar ƙin "curayya" ba, ban da cewa sabuwa ce, kuma kowace kalma da ranar da aka fara jin ta.

Mai fassara, Kaduna:
Allah ya ƙara sani, Malam. Hujjata ita ce minti uku kawai aka ba rahoton, babu sararin koyar da sabuwar kalma. Ga abin da na miƙa: "AB InBev ya saye SABMiller" a kanu, "haɗewar kamfanoni" a matsayin sunan abin gaba ɗaya, "haɗin gwiwa" ga MillerCoors, "babakere a kasuwa" ga abin da ake tsoro, sannan na aro jimlar Yaya sau ɗaya, cewa manya suna haɗiye ƙanana. Na gode wa kowa.

Tsohon ɗan jarida:
Ba laifi, ko da yake gobe a tasha "maja" za ka ji ana cewa.

Mai nazarin harshe, Kano:
Na amince da "saye" da "babakere". "Haɗewa" kuwa na bar ta ne saboda ƙurewar lokaci, kuma zan kawo "curayya" da cikakkun misalai idan an zo maganar bankuna.