Wacce aka taɓa cire mata tsiro a mahaifa kuma aka ce tana da endometiriyosis?

Maman Biyu:
Salam 'yan uwa, dan Allah ku faɗa min abin da kuka gani. An yi min sikanin jiya, likita ta ce akwai wani ɗan tsiro a cikin mahaifata, wai polif, kuma tana zargin ciwon marar nan da nake fama da shi tun ina budurwa endometiriyosis ne. To abu biyu lokaci ɗaya? Hankalina ya tashi wallahi.

Uwargida:
Kwantar da hankalinki 'yar uwa, ni ma haka aka yi min. Ni jinin ne ya dame ni, na gama al'ada na yi wanka bayan kwana kaɗan sai ɗigo-ɗigo ya dawo, har na rasa haila ce ko istihala, sallata duk ta rikice, a gida kowa cewa yake sanyi ne, na sha maganin sanyi har na gaji. Da suka saka kyamara ta ƙasa suka leƙa cikin mahaifar sai ga tsiron, suka cire shi a ranar, da yamma na koma gida. Ɗigon ya tsaya amma ciwon mara na nan daram, sai daga baya da aka yi min aikin kyamara ta cibiya aka ga endometiriyosis ɗin.

Anti Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, muna ganin irin wannan. Polif a cikin mahaifa yake fitowa daga shimfiɗarta, yawanci ba ciwon daji ba ne amma dole a kai shi lab bayan an cire. Endometiriyosis kuwa irin wannan naman ne ke fitowa a wajen mahaifa, kan ƙwai ko bayan mahaifa. Dukkansu sinadarin jikin mata da ake kira istrojin ke ciyar da su, kuma an fi samun polif a jikin masu endometiriyosis fiye da sauran mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da endometiriyosis, ba ke kaɗai ba ce.

Amaryar Zinder:
Ni neman haihuwa ne ya kai ni, gorin dangin miji kuwa ba a magana. An cire min tsiron, bayan wani lokaci ya sake fitowa, aka sake cirewa. Har yanzu ina jiran rabo, ku sa ni a addu'a.

Maman Biyu:
Allah ya kawo masu albarka Amarya. Anti, sikanin na kan ciki aka yi min, ya isa ko sai na koma?

Anti Nas:
Ki koma a yi miki na ta ƙasa, ya fi nuna polif, kuma an fi so a yi shi da kin gama al'ada. Ki gaya wa likitar har ciwon da kike ji lokacin saduwa ko bayan gida, kar ki ji kunya.