Babur ɗina Jincheng na yoyon mai ta wajen siroket (haƙorin da ke jan cen, wato sarƙa)

Ɗan Achaɓa:
Salam 'yan uwa, Jincheng ɗina ne kullum da safe sai in tarar man inji ya ɗiga a ƙasa ta ɓangaren hagu, na kwance murfin sai naga wajen sandar kulochi ya jiƙe sharkaf. Sai an fasa inji ko akwai dabara?

Oga Bakanike:
Wslm. A'a ƙanena, kar ka bari kowa ya fasa maka inji. Amma fara wanke wajen da kalanzir tas ka ɗan zaga gari ka dawo ka duba, don sil, wato robar da ke tare mai, uku ne a wajen, na siroket da na giya da na sandar, kuma dattin cen yakan rufe komai har ka canza wanda lafiyarsa ƙalau. In na sandar ne ka zare ta, ka ɓanɓaro tsohon sil ɗin da ƙaramar sukundireba a hankali kar ka karce mazauninsa, sabon ka shafa masa mai ka tura shi daidai da kan soket.

Mai Faci:
Ka duba sandar ma, mirgina ta kan gilashi, in ta lanƙwashe ko ta yi zurmi inda sil ke kamawa wallahi sabon ma ba zai daɗe ba. Ni sau 2 ina canzawa kafin na gane.

Ɗan Achaɓa:
Nagode oga. Sai na juye man?

Oga Bakanike:
Ba dole, jingine shi ta dama kawai. In ka gama ka cika mai ka sake saita kulochi.