Me za mu kira "absorptive capacity" da Hausa?

1/ Masu fassara da ɗaliban harkar kasuwanci, ku matso kusa. Masana biyu, Wesley Cohen da Daniel Levinthal, su ne suka yaɗa wannan kalma a 1990. Abin da suke nufi shi ne iyawar kamfani ya gane amfanin sabon ilimi da ke waje, ya shigo da shi, sannan ya juya shi ya zama abin kawo riba. A cewarsu, ilimin da ma'aikata ke da shi tun farko shi ke jawo na gaba. Wanda ba shi da tushe, ko an ajiye masa sabon abu a gabansa wucewa zai yi.

2/ Wasu za su ce "ƙarfin tsotse ilimi". Ban yarda ba. Mai tsotsa rage wa wani yake yi, ilimi kuwa ba ya raguwa don wani ya koya.

3/ "Narkar da ilimi" ta fi daɗin ji, don abin da ya narke ya zama jiki. Amma ku tuna yadda muke cewa wane ya narkar da miliyoyi. Idan aka rubuta cewa kamfani ya narkar da ilimi, rabin masu karatu za su ɗauka ɓarna aka tafka.

4/ Kafin in faɗi zaɓina, ku ji abin da kalmar za ta ɗauke. Kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a Kalifoniya a 1982, bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu tangarɗa. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, da sunan NUMMI, kuma akasarin ma'aikatan tsofaffin ne aka dawo da su. An kai wasu Japan suka ga aiki da idonsu. An rataya igiya a saman layin haɗa mota: duk wanda ya ga ƙusa ba ta ɗauru ba, ko ƙofa ta karkace, sai ya ja, shugaban rukuni ya zo da gudu, in ta kama a tsayar da layin. Ba a tsawata masa. An kuma ba su tabbaci mai ƙarfi cewa ba za a riƙa sallamarsu haka kawai ba. Ba a daɗe ba ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a duk General Motors.

Abin mamakin, General Motors ya sha wuya wajen kai wannan darasi sauran masana'antunsa. Manajan da ake auna ƙwazonsa da yawan motocin da suka fito, me zai sa ya bari a ja igiya? Ilimin yana cikin gida, amma an rasa mai ɗauka.

5/ Dana Minbaeva da abokan aikinta sun tabbatar da irin wannan a 2003, bayan nazarin rassan manyan kamfanoni a Amurka da Rasha da Finland: sai iyawa da himma sun haɗu ilimi ke shiga. Horo ke gina iyawa. Himma kuma tana bin yadda ake biya.

6/ Zaɓina shi ne "ƙarfin ɗaukar ilimi". Dama muna cewa yaro yana ɗaukar karatu, kowa ya san ba a tura masa dole, sai yana iyawa kuma yana so. Kalmar ta bar mutum a cikin zancen, wanda "tsotsa" ba ta yi ba. Ga masu rubutun jami'a, Shaker Zahra da Gerard George sun raba abin gida biyu a 2002: samowa da fahimta a gefe guda, juyawa da cin moriya a ɗaya gefen. Sai mu ce "ƙarfin ɗauka" da "ƙarfin sarrafawa". In ana son a haɗa duka, "ƙarfin ɗauka da sarrafa ilimi". Ta yi tsawo, na sani, amma ta Turancin ma ba gajera ba ce.

7/ Saura kalmar da ke tafiya da himma, wato "incentive". Kada a ce "tukwici", don tukwici bayan an gama ake ba da shi, kuma ganin dama ne. Wannan kuwa tun kafin a fara aiki ma'aikaci ya san da shi, shi ya sa yake canza halinsa. Ni "abin zaburarwa" nake rubutawa, ko kuɗi ne, ko ƙarin girma, ko alƙawarin cewa wanda ya ja igiya ba zai rasa aikinsa ba.