Dutsen farar ƙasa na zama gari a boilarmu, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa injiniyoyi. Ina aiki a boila (tukunyar samar da tururi) mai ƙona kwal, irin wadda iska ke hurowa daga ƙasa har yashin ciki ya riƙa tafasa kamar ruwa. Muna zuba niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa don ya kama hayaƙin farar wuta, zafi kuma yana wajen digiri 850. Tun da muka canza mai kawo mana dutse, tokar da ke tsere wa saiklon (na'urar da ke ware ƙura daga hayaƙi) ta yi fari fat, hayaƙin kuma bai ragu ba duk da mun ƙara dutsen. Laifin dutsen ne ko namu?

Amsa ta ɗaya: Wa alaikumus salam. Malam, fara gano inda yake fashewa. Da ƙwayar ta faɗa wuta, zafi na dukanta farat ɗaya, iskar CO2 na neman hanyar fita, har dutsen ya rasa kusan kashi 44 cikin ɗari na nauyinsa. Wani dutsen nan take yake tarwatsewa, musamman mai manyan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar marmara. Tankaɗe ɗan kaɗan, ka jefa a murhun gwaji mai zafin 850, ka sake tankaɗewa. Yi wa tsohon dutsen haka, rariya za ta faɗa maka gaskiya.

Amsa ta biyu: Za a iya cewa gogayyar ƙwayoyin dutsen da juna ce ke mai da shi gari, amma ni dai ban cika ganin laifin gogayya ba. Idan dutsen ya sha farar wuta, ɓawo mai tauri ke rufe shi ya toshe ƙofofinsa, cikin kuwa yana nan bai yi aikin komai ba. Gogar da ke kankare ɓawon ita ke buɗe sabon wuri. Asarar tana wajen garin da ya yi laushin da saiklon ba ya iya riƙewa, ya fice bai kama komai ba. Auna CaO (ƙonannen dutsen da bai kama farar wuta ba) da ya rage a tokar nan taka. In ya yi yawa, ƙarin dutse ƙarin shara ne kawai. An saba kalsiyam ɗin da ke cikin dutsen ya ninka farar wuta sau 2 zuwa 3, kai nawa kake zubawa?

Amsa ta uku: Leƙa bakin bututun iska na ƙasa, ranka ya daɗe. In wasu sun toshe, sauran na feso iska da ƙarfin da ke niƙe dutsen.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ninkin kalsiyam ɗinmu ya haura 3 tuni. Gobe zan ɗebi tokar, bututun kuma sai ranar da muka kashe wuta.