Me za mu kira kiɗan country da Hausa?

Jama'a, kalma ɗaya nake nema. Ina so in yi sharhi a kan waƙar da ta buɗe fim ɗin High Noon na 1952, wadda Tex Ritter ya rera, sai na cije a jimlar farko, wurin faɗin irin waƙar. Amurkawa suna ce wa wannan kiɗa country. Mu fa? Wani Malam a nan ya ba da shawarar "kiɗan gargajiyar Amurka", wata Hajiya kuma ta zaɓi "waƙar kaboyi", ta ce aron kalmar Turanci hanyar rago ce.

Bari in fara da waƙar kanta, kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

Gary Cooper ne ya fito a matsayin Will Kane, ɗan dokan wani ƙaramin gari mai suna Hadleyville. Ranar da aka ɗaura masa aure ya ajiye aiki zai bar gari da amaryarsa, sai ga labari cewa an sako Frank Miller, mutumin da ya taɓa kamawa aka ɗaure. Yana cikin jirgin ƙasan da zai iso ƙarfe 12 na rana, mutanensa uku kuma suna tasha suna jiransa. Amaryar, wadda Grace Kelly ta fito a matsayinta, 'yar wata ɗariƙar Kirista ce da ta haramta ɗaukar makami, ta ce ko ya zo su tafi, ko ta hau jirgin nan ita kaɗai. Ya bi gari yana neman masu mara masa baya, kowa ya zame. Fim ɗin minti 85 ne, kuma kusan kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da agogon da ake ta nunowa.

Tun kafin kowa ya buɗe baki waƙar take farawa. Ana nuno Lee Van Cleef, wanda ya fito a matsayin ɗaya daga cikin mutanen Miller, zaune a dawa yana jiran abokan tafiyarsa. Babu ƙahonni, babu tarin makaɗa irin waɗanda aka saba buɗe finafinan Hollywood da su a lokacin. Wani bugu ne ƙasa-ƙasa da ba ya sauri ba ya tsayawa, da jita, da akodiyan, sai muryar Ritter mai kauri, wadda za ka ji gajiya a cikinta. Ba ya karya murya, ba ya ado. Ango ne yake roƙon amarya kada ta juya masa baya a ranar aurensu. Yana ce mata ba mutuwa ce ta dame shi ba, tafiyarta ce, amma in ya gudu da sunan matsoraci zai shiga kabari. Abin da ya sa nake ƙaunar waƙar shi ne Kane mutum ne miskili, bai taɓa faɗa wa matar wannan magana da bakinsa ba. Waƙar ce take faɗa a madadinsa, tana dawowa guntu-guntu yana tafe shi kaɗai a titin da kowa ya rufe ƙofa. Ta ci kyautar Oscar, ɗaya daga cikin huɗu da fim ɗin ya samu.

To, suna. Na'urar fassara takan ba da "waƙar ƙasa". Wannan a cire ta tun yanzu. Kalmar country tana da ma'ana biyu a Turanci, ƙasa mai tuta da kuma bayan gari, ta biyun ake nufi. Bahaushe in ya ji waƙar ƙasa, taken ƙasa zai tuna ya miƙe tsaye.

"Waƙar ƙauye" ita ce ta fi saurin zuwa baki, ita kuma na fi ƙi. A wajenmu ƙauye ba ya tafiya shi kaɗai, da baƙauye da ƙauyanci yake tafe. Abin lura, masu kiɗan sun riga mu yin wannan rigima. A shekarun 1920 kamfanonin faifai hillbilly suke ce masa, ma'ana kiɗan ƙauyawan kan tsauni, sunan da ke ɗauke da raini. Mawaƙa irin su Ernest Tubb suka yi ta ƙorafi a kai, kuma a 1949 mujallar Billboard ta koma kiran jerin waƙoƙin da country and western. Mutane sun sha wahala sun tuɓe rigar raini, bai kamata mu mu sake zura musu ita da Hausa ba.

Malam, na ga shawararka ta "kiɗan gargajiyar Amurka", Allah ya ƙara sani. Ta fuskar asali kana da hujja. Tushensa tsofaffin waƙoƙin labari ne da baƙi daga Ingila da Sikotlan da Ailan suka shiga da su tsaunukan Appalachia na gabashin ƙasar Amurka, da gogensu, suka haɗu da banjo wanda bayin da aka kwaso daga Afirka suka ƙera. Banjon farko ƙwarya ce aka rufe da fata aka ɗaura mata tsirkiya, duk wanda ya san gurmi zai gane dangi ne. Amma tun 1927, da Ralph Peer ya ɗauki muryoyin Jimmie Rodgers da iyalan Carter a garin Bristol na jihar Tennessee, abin ya zama sana'ar faifai da rediyo, daga baya birnin Nashville ya zama kasuwarsa. Dubi waƙar da muke magana a kai ma. Dimitri Tiomkin ne ya tsara kiɗanta, mutumin da aka haifa a 1894 a Kremenchuk, cikin Yukiren ta yau, ya yi karatun kiɗa a St Petersburg. Ned Washington ya rubuta baitocin. Aikin kwangila ne aka ba ƙwararru don fim. In muka ce gargajiya, mai karatu zai zaci waƙa ce da ba a san mai ita ba, da aka gada kaka da kakanni.

"Waƙar kaboyi" kuwa, wannan ta shiga raina, don ta bi hanyar da Bahaushe yake raɗa wa kiɗa suna. Mu ko dai mu kira shi da abin kiɗan, kamar kalangu da kotso da taushi da kukuma, ko mu kira shi da waɗanda ake yi wa, kamar kiɗan noma, kiɗan dambe, kiɗan maharba. Kalmar kaboyi kuma ta daɗe da zama 'yar gida, tun zamanin da silimun Kano irin su Rex da Palace suke haɗa finafinan kaboyi da na Indiya. Shi Tex Ritter ma kafin wannan waƙa ya yi shekaru yana fitowa a finafinai a matsayin kaboyi mai waƙa. Waƙar High Noon kam waƙar kaboyi ce, babu ja. Matsalar ita ce reshe ne, ba itacen duka ba. Mu da muka taso muna jin Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers a rediyo da kaset mun san yawancin abin da suke rerawa soyayya ce, da rabuwa, da begen gida. Dolly Parton tana roƙon wata kyakkyawa kada ta ƙwace mata masoyi, Johnny Cash yana waƙar 'yan kurkuku. Ina saniya a nan, ina doki? Na karɓi kalmar, amma ga ɓangaren western kaɗai, wato reshen waƙoƙin kaboyi.

Saura "kiɗan karkara". A cikin duk fassarorin ita ta fi tsabta, karkara ba zagi ba ce, kuma ma'anar ta dace. Sai dai in ka faɗe ta haka tsirara, gangar noma da gayya za su zo wa mutum a rai, dole ka ƙara Amurka. Da ka ƙara kuma ka shiga wata matsalar: Shania Twain 'yar Kanada ce, Keith Urban a Ostareliya ya tashi. Sannan a gwada ta a bakin mai gabatar da shiri: "fitacciyar mawaƙiyar kiɗan karkarar Amurka". Kafin ya kai ga sunanta numfashi ya ƙare.

Don haka ni ga inda na tsaya: kantiri. Waƙar kantiri, kiɗan kantiri, mawaƙin kantiri. Ba mu fassara rege ba, ba mu fassara disko ba, ba wanda ya ce an ci amanar Hausa. Sunan salo ne, suna kuwa ba a cika fassara shi ba. A rubuta farkonta da "ka", ba "kwa" ko "ko" ba, don haka masu abin suke furta gaɓar farko, kuma kwantiri yana jan kunne zuwa kwantiragi.

Hajiya, na ji ƙorafinki cewa aro hanyar rago ce, kuma ban raina shi ba. A wurare da yawa ina bayanki: jirgin sama da wayar hannu sun fi duk wani aro daɗi. Amma waɗancan abubuwa ne da ake gane su da aikinsu, shi ya sa siffantawa ta yi musu. Wannan kuwa ko a Turanci sunan ya daina siffanta shi, tunda a ɗakunan ɗaukar murya na cikin birni ake yin sa. Kuma kaboyin da kika zaɓa, ai shi ma aro ne, tsufa kawai ya yi a bakinmu. "Kiɗan karkarar Amurka" ba zan yar da ita ba, a ajiye ta a matsayin bayani, a faɗe ta sau ɗaya a farkon rubutu don wanda bai san abin ba, daga nan a ci gaba da kantiri.

Ga yadda jimlar tawa za ta kasance: "Waƙar da ta buɗe High Noon waƙar kantiri ce, wato kiɗan da ya samo asali a karkarar kudancin ƙasar Amurka, daga reshensa na waƙoƙin kaboyi." Inda ban gama yanke shawara ba shi ne ko in ce waƙar buɗe fim ko taken fim, tunda ba a farko kaɗai take ba, tana bin labarin har ƙarshe. 'Yan Kannywood da ke nan, me kuke ce wa irinta a wurin aiki?