Muhawara: Shin labarin ɗaukar wani a matsayin wani yana koya wa matasa yaudara?

Shugabar zaure: Assalamu alaikum. Jiya Malam ya ce littattafan soyayya masu ban dariya da ake ginawa a kan ɗaukar wani a matsayin wani suna nuna wa matasa cewa ƙarya tana iya kai mutum ga aure. Malam, bismillah.

Malamin Hausa: Wa'alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Za ka ga ɗan attajiri ya sa kayan direba ya shiga gidan su yarinya, ya yi wata shida yana cin tuwon gidan da sunan da ba nasa ba, ranar da asiri ya tonu kuma ta yi fushin kwana biyu, a shafi na gaba a ɗaura aure. Abin da yake damuna shi ne ba a barin maƙaryacin ya ɗanɗana kuɗarsa, ga shi masu karantawa yara ne 'yan sakandare.

Marubuciya: Malam, Allah ya ƙara girma, amma an haɗa abu biyu a kwando ɗaya. Akwai wanda ya ɓoye kansa da gangan, akwai kuma kuskuren da ba wanda ya shirya shi. Saurayi ya zo zance bayan isha'i, babu wuta a unguwa, ya aiki yaro ya ce ana sallama da Hassana, yaron ya isar da saƙo ga Husaina, ta fito da hijabin 'yar'uwarta, kunya kuma ta hana ta gyara masa tun a gaisuwa. Wa ya yi ƙarya a nan? Daɗin irin wannan labari shi ne mai karatu ya san abin da saurayin bai sani ba, yana dariya yana kuma tausaya wa Husaina, wadda kullum take niyyar faɗin gaskiya bakinta ya yi nauyi.

Mai sayar da littattafai: Tun shekarun 1990 nake wannan sana'a a Kano, tun kafin a kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001, kuma wannan salo bai taɓa yin kwantai a wurina ba. Masu cewa daga fina-finan Indiya kaɗai aka aro shi sun manta da tatsuniyar budurwar da ta ƙi duk mai tabo a jiki, har maciji ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya aure ta.

Malamin Hausa: Alhaji, ai wannan tatsuniya hujjata ce, domin a cikinta gargaɗi ake yi, ba a yi wa mai rikiɗa sakayya da amarya ba. Na karɓi maganar Hajiya a kan tagwaye, amma ban janye ba a kan direba.

Ɗaliba: Malam, a gafarce ni. Ni abin da yake hana ni yarda da labarin direban shi ne rashin bincike. A gidanmu, kafin a karɓi kuɗin gaisuwar yayata, sai da kawunmu ya je har unguwar su mijin ya tambayi limami da maƙwabta. Yawancin marubutan suna tsallake wannan mataki ne domin zai rusa labarin tun a babi na uku.

Marubuciya: Ƙanwata, kin taɓo inda yake yi mana ƙaiƙayi. A labarin da nake rubutawa yanzu kawun ne yake gano gaskiya kafin yarinyar, kuma daga nan rikicin yake farawa.